In furotin ya zarce abin da ka ɗiba wa kanka a yini

Ni tela ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Zaman keken ɗinki ya fito mini da tumbi, shi ya sa na sayi ƙaramin sikeli na fara auna abincina ina shigarwa a wata manhaja cikin salula. Nauyina kilo 70 ne. Ƙa'idar da masana abinci suka saba bayarwa ga baligi mai lafiya ita ce giram 0.8 na furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, kan kowane kilo na nauyinsa a yini, ka ga nawa ya kama 56 ke nan. Da yake ina ɗaga ƙarfe sau uku a mako sai na ɗaga shi zuwa 1.2, wato giram 84. Ran nan da dare na duba, sai ga 130 da jan rubutu. Gabana ya faɗi, har na ce wa uwargida gobe kada ta sa mini wake. Ta ce, "Malam, waken da ka tashi da shi ne yau ya zama abin tsoro?"

Abin da za ka fara yi in haka ta same ka shi ne ka sake bin lissafin, don galibi a nan ɓarakar take. Busasshen wake giram 100 yana da furotin wajen giram 24, amma in ya dahu ya sha ruwa, giram 100 bai wuce 8 ba. Ni dafaffe na auna, giram 200, na je na danna na ɗanye. Manhajar ta rubuta mini 48 alhali 16 na ci. Da na gyara, 130 ta sauko 98. Haka shinkafa da gero suke. Nama kuwa akasin haka ne, yana ƙanƙancewa a wuta, furotin ɗinsa ya taru. Shi ya sa kilishi ɗan yanki kaɗan yake kai ka nesa. Ka zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta. Ni dafaffe nake aunawa, don ba zan tsaya kan uwargida a madafa ina auna tiya ba.

Waɗannan manhajojin kuma ba su san abincinmu ba. Ba za ka samu kwaɗon zogale ko ɗan wake a ciki ba, sai ka wargaza kwanon da kanka: ganye nawa, ƙuli-ƙuli nawa, mai cokali nawa. Kada ka manta da gero. Mutane suna ɗaukarsa abin cika ciki kawai, alhali busasshensa giram 100 yana da furotin wajen 11. Fura da nono kwarya guda da tuwon dare sun riga sun kai ka wani wuri tun ba ka taɓa nama ba. Ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne.

To, a ce lissafi daidai ne, ka zarce da gaske. Ga mai lafiyar ƙoda, zarce 84 zuwa 98 ba abin hana barci ba ne; masu motsa jiki da yawa suna kai giram 1.6 kan kowane kilo. Jiki ba ya da rumbun ajiye furotin kamar yadda yake tara kitse. Abin da ya yi saura yana ƙona shi ya samu ƙarfi, dattin kuma ƙoda ta tace shi ya fita a fitsari. Don haka ka sha ruwa sosai, balle a watan Afrilu da zafin garin nan ke haura digiri 40. Ni na daina kallon yini guda, ranar Juma'a nake haɗa na kwana bakwai in raba.

Wurin da ya fi cin mutum shi ne abin da ke rako furotin ɗin. A ma'aunin kalori, wato ƙarfin da abinci ke ba jiki wanda rararsa ke zama kitse, giram ɗaya na furotin 4 ne, na mai kuwa 9. Gyaɗa giram 100 tana ba ka furotin wajen 25, amma da kalori fiye da 550 a bayanta, ga ta da daɗin ci ana hira. Ƙosai da awara a cikin mai ake tsamo su. Kilishi da soyayyar fara kuma gishiri da yaji ne jingim. Wata biyu ina murna ina cika furotin, tumbi bai motsa ba, ashe ƙosan safe ne da gyaɗar da nake watsawa baki ina ɗinki. Yanzu ƙwai biyu nake dafawa, awara kuma a miya ake saka mini ita ba tare da suya ba, ranar da aka samu kifin Madarunfa a gasa shi.

Mai ciwon ƙoda, ko mai ciwon suga ko hawan jini da ya daɗe, lissafinsa daban ne, kada ya bi nawa. Ya je asibiti a auna masa jini da fitsari, likita ya yanka masa nasa adadin. Yayana mai hawan jini da ya ga lissafina ya ce zai kwafa, na ce, "Yaya, kai takardar gwaji za ka fara kawowa." Ranar Litinin na ɗauke shi a babur muka je.