Yadda ake shirya zaman sulhu a ƙauye bayan yaƙin basasa

Yaƙin basasar Saliyo ya ɓarke a 1991, sai a Janairun 2002 aka sanar da ƙarewarsa. Mutane suka koma ƙauyukansu, wanda ya ƙona maka gida ga shi nan, rijiya ɗaya kuke ɗiba. Kotun musamman da aka kafa manya kaɗan ta hukunta. A kan haka ƙungiyar Fambul Tok ta John Caulker, ɗan Saliyo mai rajin kare haƙƙin ɗan Adam, ta fara zaman sulhu a 2008 a Bomaru, cikin gundumar Kailahun, inda yaƙin ya faro. Tsarinsu nake ba da shawarar a bi.

Kada ka fara da kiran taro. Ɗauki watanni kana zagaye: mai gari, limami da fasto, mata, matasa, har tsofaffin mayaƙan. Mutanen gari su zaɓi wakilansu, su sa rana da bakinsu. Sulhun da baƙo ya sa wa rana, da ya tafi yake watsewa.

Ranar, a hura wuta da daddare a dandali, a kewaye ta. Wanda aka zalunta ya fara magana, kada a katse shi ko da kuka ya sha kansa. Sannan wanda ya aikata ya miƙe, ya amsa laifinsa, ya roƙi gafara. Washegari a yi addu'a da tsarkake gari bisa al'adar wurin.

Abin da ya fi damuna shi ne tilasta yafiya. Matar da aka kashe mijinta a gabanta, idan ta ce ba yau ba, a ƙyale ta, kada dattawa su rufe ta da “yi haƙuri”. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2016 ya nuna cewa zaman ya ƙara yafiya da zumunci, amma tono abin da ya wuce ya ƙara wa mutane damuwa da ƙuncin zuciya. Saboda haka tun kafin a hura wuta, a ware mutanen da za su riƙa leƙa duk wanda ya yi magana, gida-gida, har tsawon watanni.

Daga nan sai aiki. A ware gonar gayya, ɓangarorin biyu su yi noma tare, su raba amfani. A zaɓi bishiyar da za a riƙa zama ƙarƙashinta duk sa'ad da saɓani ya taso, musamman rikicin iyakar gona.