Hannu ne ko kugu? Shawara ga masu koyon golf

Salam 'yan uwa. Masu tambaya kan cewa in an ɗaga sanda sama za a sauko, hannu ne ke aiki ko jiki, gaskiya duka biyun ne amma akwai na gaba. Daga ƙasa abin yake farawa: ka mayar da nauyinka kan ƙafar hagu (in kai badama ne), kugu ya fara juyawa, ƙirji ya bi, sannan hannu ya sauko, kan sanda shi ne na ƙarshe. Duk wannan bai kai rabin sakan ba, shi ya sa ba a gyara shi da tunani, sai da maimaici.

Matsalar da na fi gani a filin golf ɗinmu na Kano ita ce gaggawa, mutum yana kai sama sai ya wurgo kafaɗar dama da hannu gaba wai yana son ƙarfi, sandar ta zo daga waje ta yanki ƙwallon, sai ka ga ta karkata dama ta faɗa cikin bishiyoyi yana ta zargin iska. Akwai kuma masu juya kugu da sauri su bar hannu a baya, su ma ƙwallon ba ta tafiya daidai.

Ga abin yi. Ɗauki ƙaramin tawul ka matse a hammata biyu, ka riƙe ayan lamba 9 (gajeriyar sandar golf mai kan ƙarfe), ka dinga rabin lilo (ɗaga sanda rabi ka sauko) a hankali, gwiwar hannun dama tana saukowa kusa da haƙarƙari. In tawul ya faɗi kafin ka bugi ƙwallo, hannu ya rabu da jiki kenan. Kuma don Allah a sassauta riƙo, ba gatari ba ne. Direba, wato doguwar sandar bugun nesa, a ajiye shi tukuna sai bugu da ƙaramar sandar ya zauna.