In za ka je ganin zanen dutse a Birnin Kudu

'Yan uwa na Jigawa, tarihi na kusa da mu amma ba ma zuwa. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu da mutanen dā suka yi, wasu dogon ƙaho wasu gajere kuma ba su da tozo irin shanunmu na yanzu, wannan kaɗai ya isa ka tsaya ka duba sosai.

Fita da sassafe kafin dutse ya ɗau zafi, sa takalmi mai kama ƙasa ba silifas ba, riƙe ruwa. Nemi ɗan gari ya raka ka, ya nuna maka duwatsun da ake kaɗawa su yi amo. Don Allah kar ka taɓa zanen ko ka rubuta sunanka da gawayi, hoto a waya ya wadatar.