Kafin ku kai injin zuƙe ƙura wajen mai gyara

Jama'a, idan injinku na zuƙe ƙura mai batir ya rage ƙarfin ja, ku fara da wanke filta. Sau da yawa matsalar a nan take.

Injin da iska yake aiki. In ƙura ta liƙe a filta, iska ba ta samun hanyar wucewa, sai ku ji yana ta ƙara amma ko ƙwayar shinkafa ba ya ɗauka. Wani ma ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Lokacin hunturu abin ya fi yawa, don ƙurar laushi gare ta kamar gari.

Ku cire filtar, ku kakkaɓe ta a waje, ku ɗauraye da ruwan sanyi zalla, ban da sabulu, har ruwan ya fito fes. A bar ta ta bushe aƙalla awa 24. Don Allah kar a yi gaggawa a nan, danshi yana lalata injin ciki. In ta takarda ce, kakkaɓewa kawai, kar ta ga ruwa.

Sai ku zare bututun ku jefa tsabar kuɗi ta sama. In ba ta faɗo ba, akwai abin da ya tokare, galibi leda ko safar yaro. Gashi da zaren da suka nannaɗe burushi kuwa, almakashi ya ishe su.

Amma in yana ja sosai, sai dai bayan 'yan mintuna ya mutu duk da cikakken caji, batir ne ya gaji. Wannan wanki ba ya maganinsa, sai canji.