Yadda ake tantance fayil ɗin Hugin da lambar hash kafin a saka shi a kwamfuta

Mai ɗaukar hoto da ke son haɗa hoto mai duhu da mai haske su fito fes a hoto guda, zai iya amfani da manhajar Enfuse. Kyauta ce, tana zuwa ne a cikin manhajar Hugin da ake saukewa daga shafin intanet na SourceForge. Sai dai da yawa a filashi ake miƙo musu ita, wasu kuma netwok ya yanke musu ana tsakiyar saukewa. Lambar hash, wato lambar da ake lissafowa daga abin da fayil ya ƙunsa, ita ce za ta nuna maka ko fayil ɗin da ke hannunka shi ne na asali.

Fara da shiga sashen Files na Hugin a SourceForge. Nemo ainihin sigar da kake da ita, ka danna ƴar alamar "i" da ke gefen sunan fayil ɗin. Za ka ga dogon jeri na lambobi gauraye da haruffa daga a zuwa f. Kwafe shi.

A nan ake yawan yin tuntuɓe, domin hash iri-iri ne. Idan ba a rubuta sunan nau'in ba, ƙirga tsawonsa: 32 MD5 ne, 40 SHA-1, 64 kuwa SHA-256. Wanda ya lissafa SHA-256 ya kwatanta da MD5, ko zai kwana yana dubawa ba za su zo ɗaya ba, alhali fayil ɗinsa lafiya lau.

Yanzu buɗe Command Prompt a Windows, ka rubuta:

certutil -hashfile sunan-fayil SHA1

Ba sai ka wahala da rubuta sunan ba, jawo fayil ɗin da linzami ka sake shi a cikin baƙin allon. Wannan na SHA-1 ne; idan lambar da ka kwafo wani nau'i ce, sauya SHA1 da MD5 ko SHA256. A Linux umarnin SHA-1 sha1sum ne, a Mac kuma shasum.

Kada ka yarda da idonka wajen kwatantawa. Liƙa sakamakon a Notepad, ka danna Ctrl da F, ka nemo lambar da ka kwafo daga shafin. Ko dai ta samu gaba ɗaya, ko ta ƙi. Babban baƙi ko ƙarami ba ya canza komai, haka ma sauya wa fayil suna.

Idan an ba ka zaɓi, ɗauki SHA-256. Tun 2004 masana suka samar da bayanai biyu mabambanta masu MD5 ɗaya, a 2017 kuma Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka yi wa SHA-1 haka. Duk da haka, MD5 da SHA-1 sun isa su kama fayil ɗin da ya sauka guntu. Lamba ta saɓa ko da harafi ɗaya ne, goge fayil ɗin ka sake saukewa.