Yadda ake neman gurbin digiri na uku a binciken kiɗa da motsin jiki

Ƙannena uku na gani tsakanin Garwa da Marwa a Kamaru sun nemi irin wannan gurbi, kuma duk ukun a wuri ɗaya suka yi tuntuɓe: takardar tsarin bincike. Kowa ya cika shafuka da yabon kiɗan gargajiya. Masu ɗauka kuwa tambaya suke nema, wadda za a iya aunawa.

Ka fara sanin ƙofofin. Akwai cibiyar RITMO a Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe, inda Farfesa Alexander Refsum Jensenius yake. Akwai cibiyar IPEM a Jami'ar Gent ta Beljiyam, inda Marc Leman ya yi suna da nazarin yadda jiki ke fahimtar kiɗa. Akwai cibiyar IRCAM a Paris, wadda mai tsara kiɗa Pierre Boulez ya kafa, aka buɗe a 1977. Mu da muka tashi da Faransanci zuciyarmu Paris take kallo, amma ni Oslo nake cewa a fara dubawa. A Norwe ɗalibin digiri na uku ma'aikaci ne mai albashi, shekara 3, ko 4 idan da koyarwa. Ana tallar guraben a shafukan intanet na Jobbnorge da EURAXESS, ka leƙa duk mako.

Yanzu ga inda na ci wuya. Kada ka rubuta layi ɗaya kafin ka ɗauko ƙaramin samfuri da hannunka. Zaɓi abu guda, misali: shin ƙafar mai rawa tana sauka daidai da bugun kalangu, ko tana riga shi kaɗan? Je wurin makaɗi da goronka, ka durƙusa ka ce, "Baba, izini nake nema in ɗauki hoton aikinka don karatu." Ka naɗi amincewarsa ko ya sa hannu, domin jami'o'in Turai ba sa wasa da wannan.

Karo na farko na riƙe waya a hannu a wajen biki, ina bin masu rawa. Da na zuba a kwamfuta, motsin hannuna ya cakuɗe da nasu, awa biyu ta tafi a banza. Ka kafa wayar a kan abu tsayayye, ko da turmi ne aka kifa, kada ta motsa. Sa ta a hoto 60 cikin daƙiƙa. Idan da na'urar naɗar sauti daban, tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, da wannan tafin za ka daidaita sauti da hoto.

Sai maganar tufafi. Manhajar MediaPipe kyauta ce, tana bin wurare 33 a jikin mutum cikin bidiyo, amma babbar riga tana ɓoye gwiwa da gwiwar hannu, sai manhajar ta yi ta lalube. Roƙi mai rawa ya yi maka minti biyar da 'yar shara da wando. Kuma kada ka jefar da hoton da aka ɗauka da babbar rigar, wannan matsala ita kanta tambayar bincike ce da za ta ja hankalin masu ɗauka. Bugun gangar ka yi masa alama a manhajar sauti ta Sonic Visualiser, ka koyi harshen kwamfuta na Python gwargwadon fitar da jadawali ɗaya. Jadawalin nan shi za ka sa a tsakiyar takardarka, shafi biyar ya isa idan tallar ba ta faɗi adadi ba.

Sauran aikin takardu ne. Mastarka ta shekara biyu da kundinta, fassarar shaidu zuwa Turanci daga tafinta mai rantsuwa, jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL, sai malamai biyu ko uku da za su tsaya maka. Fassarar nan tana cin sefa, ka yi ta sau ɗaya ka adana a waya da imel. Rubuta wa malamin da aka ambata a tallar gajeriyar wasiƙa tare da jadawalinka, kuma ka tura komai kwana uku kafin a rufe, saboda wuta da intanet ɗinmu.