Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Takin Ruwa na Kwalba ga Tumatir da Tattasai

Takin ruwa ya fi kashe shuka ta hanyar yawa, ba ta ƙaranci ba. Mafarin ɓarnar kuwa awo da murfin kwalba ne, alhali kowane murfi da girmansa. A sayi sirinji a kemis. Idan takardar jikin kwalba ta ce mililita 2 a kowace lita, to injin feshi mai lita 16 zai ci mililita 32, jarka mai lita 25 kuma mililita 50. Wannan awon na shukar da ta kankama ne. Sabon dashe a ba shi rabi, ɗan tsiro a ba shi kwata. Ƙasar da aka riga aka zuba mata takin gargajiya ma rabin ya ishe ta.

Wani kuskuren kuma shi ne zuba taki iri biyu cikin juna kafin a sa ruwa. Taki mai ɗauke da sinadarin kalshiyam idan ya haɗu da mai sinadarin fosfat ko salfet suna da kauri, sai su daskare su kwanta a gindin bokiti kamar alli. Saiwa ba ta iya shan wannan, ga toshe bakin injin feshi. Ruwa ne farko: a cika bokiti ya wuce rabi, a girgiza kwalba, a zuba ɗaya a motsa sosai, sannan na biyu, a ƙarasa da ruwa.

Kada a zuba wa busasshiyar ƙasa, domin gishirin takin yana ƙona saiwa. A fara jiƙa ta da tsurar ruwa. Feshin ganye kuma da sassafe ko da yamma, ban da tsakar rana.

Alamar an wuce gona da iri ita ce bakin ganye ya ƙone, farin ɓawo ya fito a saman ƙasa. Mutane da yawa suna ganin haka sai su ɗauka yunwa ce, su ƙara taki, abin ya ƙara lalacewa. Idan a buhu ko tukunya aka shuka, a kwarara ruwa ninki biyu na girman mazubin har ya fita ta ƙasa, a dakatar da taki mako guda.

Injin da aka fesa maganin ciyawa da shi, musamman 2,4-D, a ware shi daban. Ɗan abin da ya saura a ciki ya isa ya murɗe ganyen tumatir, kuma ɗauraya ɗaya ba ta fitar da shi.